Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu ajans na tafiye-tafiye a Yamai: ku gaya wa matafiyi ranar fitarsa kafin ku miƙa masa fasfo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ku Alhazai da Hajiyoyi, shugabanni da ma'aikatan ajans masu nema wa jama'a biza da yankar musu tikitin jirgi a birnin Yamai, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Ni ɗan kasuwa ne a Tahoua, sana'ata sayar da kayan gyaran mota, kuma na rubuto ne da yawun ƴan'uwana ƙananan ƴan kasuwar Adar da ke zuwa saro kaya Dubai da Guwanzu da Turai, da kuma yawun iyayenmu mata da maza da muke turawa Umra ta hannunku. Mu mutane ne da ke haɗuwa a rumfa ɗaya bayan sallar la'asar, kuma kusan kowanenmu yana da ɗan'uwa ko maƙwabci da ƴan kwanaki kaɗan na wuce wa'adin biza suka jawo masa asarar da har yau bai gama farfaɗowa daga gare ta ba.

Mun san amfaninku, ba mu kuma raina wahalarku ba. Yawancinmu ba mu yi lakwal mai zurfi ba, Faransancinmu na ciniki ne, Turancin Ingila da Larabcin takarda kuwa sai dai a karanta mana. Mutum yakan taso daga Tahoua ya bi ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, ya yi tafiyar fiye da kilomita 500, ya zo ya ajiye fasfonsa da kuɗinsa a kan teburinku, saboda ya yarda cewa kun san abin da bai sani ba. Wannan yardar ce ta sa kukanmu ya nufo ƙofarku tun kafin ya nufi ta kowa.

Kuka na farko shi ne, kuna miƙa wa mutum biza ba tare da kun karanta masa ita ba. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana ɗauke da lissafi iri biyu a kan takarda ɗaya. Akwai ranar da ta fara aiki da ranar da take mutuwa, sannan a wani ɗan layi akwai adadin kwanakin da aka yarda mutum ya zauna. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta 2009 ta tanadi a ƙara kwana 15 a kan ranar mutuwar bizar, domin wanda tafiyarsa ta jinkirta ya samu damar sauya ranar tashi. Wannan ƙari bai taɓa kwanakin zama ba ko kaɗan. Wanda aka ba kwana 15 zai ga bizarsa ta kai wata guda, amma zamansa kwana 15 ne, kuma ranar da ya sauka da ranar da zai tashi duk ana lissafa su cikakkun kwanaki.

A kan wannan layin ƙanena ya yi tuntuɓe. Ya tafi wata ƙasar Turai sayen tsofaffin motoci da kayan gyara, aka ba shi kwana 15, sai lodin kayansa ya yi jinkiri. Ya ɗauki hoton bizar ya aika ta WhatsApp wa yaron ajans ɗin da ya shirya masa tafiya, ya tambaye shi ko zai iya ƙara kwanaki. Yaron ya dubi ranar ƙarshe ya ce masa: "Alhaji, ai kana da sarari har ƙarshen wata," ya matsar masa da tikiti da kwana shida, ya kuma karɓi ladan matsarwar. Ranar dawowa, jami'in filin jirgi ya buɗe fasfo, ya ɗora yatsa a kan hatimin shiga, ya ɗaga kai ya dubi kalandar da ke gefensa, sannan ya rubuta 21 a kan wata ƴar takarda, ya rubuta 15 a ƙarƙashinta, ya juyo da ita ya nuna masa. An shigar da shi wani ƙaramin ɗaki, an cika takarda ya sa hannu, an bar shi ya hau jirginsa. Ya iso gida yana hamdala, yana zaton magana ta ƙare a nan. Da shekara ta zagayo ya nemi biza aka hana shi, ya sake nema aka sake hana shi, kuma a takardar ƙin an yi alama a layin da ke cewa ana shakkar zai fita kafin wa'adinsa ya cika. Kuɗin neman bizar Shengen Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wato jaka 59 na sefa da ƴan kai, kuma ba a mayar wa wanda aka hana. Ga kuɗin inshora, ga kuɗin mota zuwa Yamai, ga masauki. Yanzu ta hannun dillalai yake sayen kaya a Lome, ribar da yake ci da iyalinsa da ita ta koma aljihun wasu. Mutum ne da bai taɓa tunanin zama a Turai ba, yana da mata da ƴaƴa biyar da rumfa a nan, amma a idon masu ba da biza ya shiga sahun waɗanda ba a yarda da alkawarinsu.

Kuka na biyu ya fi na farko yaɗuwa, shi ne kalmar nan ta "kwana biyu ba komai ba ne" da har yanzu ake ji a bakin wasu ma'aikatanku. Wataƙila a zamanin da jami'i ke duba hatimi da ido, ya ga dama ya kau da kai, maganar tana da ɗan gindi. Yanzu na'ura ce ke ƙirga. Tun 12 ga Oktoban 2025 ƙasashen Shengen suka fara aiki da sabon tsarin shiga da fita, wanda ke ɗaukar zanen yatsu da hoton fuskar baƙo a bakin iyaka, ya ajiye ranar shigarsa, ya kuma fitar da sunansa da kansa in ya zarce. Sauya fasfo ba ya goge wannan, domin yatsun mutum ba sa sauyawa, kuma dama zanen yatsun da aka ɗauka ranar neman biza ana ajiye shi shekara biyar a rumbun da duk ofisoshin jakadancinsu ke dubawa. Dokarsu ta ba da damar hana wanda aka kama da zama ba bisa ƙa'ida ba shiga har tsawon shekara biyar, kuma hanin da ƙasa ɗaya ta rubuta yana iya rufe masa ƙofar sauran. Akwai kuma asarar da ba a gani: tun 2020 wanda ya yi amfani da biza uku bisa ƙa'ida cikin shekara biyu yana iya samun ta shekara guda mai shiga da fita sau da yawa, daga nan ta shekara biyu, daga nan ta biyar. Wannan tsani shi ne burin kowane ɗan kasuwa, kuma kwana shida sun isa su sauko da mutum daga kansa.

A Dubai, inda mafi yawanmu ke zuwa da bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 ko 60, tarar wuce wa'adi dirhami 50 ce kowace rana, wato wajen jaka takwas na sefa, kuma kwana goman rangwame da tsofaffin matafiya suka saba da shi an soke shi tun 2023, amma har gobe akwai masu faɗa wa sabon matafiyi cewa yana nan. Tarar ma ita ce mai sauƙi. Kun fi mu sanin cewa kamfanin can da ya tsaya wa baƙo yana da ikon kai ƙararsa a matsayin wanda ya gudu in bai fita a kan lokaci ba, domin shi ma ya tsare kansa daga hukunci, kuma wanda aka rubuta wa wannan ƙara ba ya fita da biyan tara kawai, sai an warware ta, wani lokaci ma ta bar masa hanin komawa. A Sin, dokar shiga da fita da ta fara aiki 1 ga Yulin 2013 ta yanke tarar yuwan 500 kowace rana, har zuwa yuwan 10,000, ko tsarewa daga kwana 5 zuwa 15 in abin ya yi tsanani, kuma wanda aka tasa ƙeyarsa ana iya hana shi komawa daga shekara ɗaya zuwa biyar. Yuwan 500 ya kai wajen jaka 40. Ɗan kasuwar da ya tsaya jiran masana'anta ta gama masa kaya na kwana goma zai iya barin ribar kwantenarsa a ofishin ƴan sandan Guwanzu. A Amurka kuwa, ranar da jami'in iyaka ya rubuta wa mutum a takardar shigarsa ita ce wa'adi, ko da bizar da ke cikin fasfo tana da sauran shekaru. Wuce ta da kwana ɗaya yana kashe bizar, wuce kwana 180 yana jawo hanin shekara uku, shekara guda kuma yana jawo hanin shekara goma, bisa dokarsu ta 1996. Duk waɗannan ba asiri ba ne, a rubuce suke, kuma duk wanda ke cin abinci da sana'ar biza ya kamata su kasance a bakinsa kamar yadda farashin kayana yake a bakina.

Kuka na uku game da tikiti ne. Don neman araha, ko don matafiyi ya roƙa a cika masa kwanakinsa, sau da yawa ana yanka ranar dawowa daidai da ranar ƙarshe ta biza. Mu kuwa ba mu da jirgi kai tsaye zuwa mafi yawan wuraren nan. Ta Adis Ababa ko Istanbul ko Kazablanka muke bi mu sauka filin jirgin Diori Hamani, kuma an soke tashi ɗaya ko an matsar da shi zuwa gobe, mutum ya faɗa laifin da bai shirya ba. Wanda ya isa gaban jami'i bayan sha biyun dare ma ya riga ya shiga sabuwar rana. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da aka rufe sararin samaniyar ƙasarmu kusan wata guda, ƴan'uwanmu da ke waje suka rasa hanyar dawowa alhali kwanakinsu na tafiya. Abin da ya fi ciwo shi ne, dokokin ƙasashen nan sun tanadi mafita ga irin wannan hali, amma ba a gaya wa matafiyi. A ƙasashen Shengen, wanda rashin lafiya ko wani abin da ya fi ƙarfinsa ya tsare yana iya neman ƙarin kwanaki kyauta, wanda kuma yake da wani babban uzuri na kansa yana biyan Yuro 30, da sharaɗin ya je kafin bizar ta ƙare. A Sin ana so ya kai buƙatarsa ofishin shige da fice kwana bakwai kafin wa'adi. Takardar likita, da saƙon kamfanin jirgi na soke tashi, da rasiɗin masauki, su ne shaidun mutum a ranar da za a tambaye shi, amma wanda ba a gargaɗa ba yakan jefar da su a kwandon shara na otal.

Maganar Umra ita ce ta fi taɓa zukatanmu, domin masu zuwa iyayenmu ne, kuma son ɗakin Allah ke riƙe su. Tun 2022 Saudiyya ta mayar da bizar Umra ta kwana 90, sai mutane suka ɗauka cewa duk wanda ya shiga yana da wata uku cif. Alhali kowace shekara hukumarsu tana yanke ranar da dole duk mai Umra ya fita saboda shirin Hajji, ko kwanakinsa sun cika ko ba su cika ba. A 2025 ranar ta kama 29 ga Afrilu, wato 1 ga Zulƙida. Ma'aikatar cikin gidansu ta sanar cewa wanda ya zauna bayan bizarsa ta ƙare yana fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, fiye da miliyan bakwai na sefa, da ɗaurin da ya kai wata shida, da tarhil, wato a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu. Wanda aka kama yana neman yin Hajji ba da izini ba, tararsa ta kai riyal 20,000, da hanin shiga ƙasar shekara goma. Kamfanin da bai kai rahoton alhajinsa da ya zarce ba shi ma tararsa ta kai riyal 100,000, don haka wannan wuta ba ta tsallake ku da abokan hulɗarku na can ba. Ku dubi tsohuwa mai shekara saba'in da ƴaƴanta suka haɗa mata kuɗin Umrar azumi, wata ƴar garinsu da ta daɗe a Makka ta ce mata ta laɓe a ɗakinta har Hajji, ai kowa haka yake yi. In aka kama ta, Shumaisi za a kai ta, gidan da ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, a ɗauki yatsunta, ta jira jirgin tarhil cikin cunkoso. Hanin shekara goma kuwa ga mai shekara saba'in, sai dai wani ikon Allah, ban kwana ne da Ka'aba. Da an zaunar da ita a Yamai an yi mata bayani da Hausa a gaban ɗanta, da wuya ta saurari waccan shawara.

Akwai kuma abin da ya wuce mutum ɗaya. Ƙasashen nan suna tara lissafin masu wuce wa'adi ƙasa-ƙasa, kuma da shi suke auna kowane mai fasfo irin namu. A ƙarshen Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da ba da biza, sannan a 16 ga Disambar 2025 shugaba Donald Trump ya sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa daga 1 ga Janairun 2026, kuma yawan masu wuce wa'adi yana cikin dalilan da aka ambata tare da batun tsaro. Kafin mu, an yi wa maƙwabciyarmu Cadi haka a watan Yunin 2025 da irin wannan hujja. Kowa yana da ra'ayinsa game da siyasar da ke ƙarƙashin matakin, ni ma ina da nawa, amma hujjar da aka riƙe mu muka miƙa ta. Ɗalibin da ya samu gurbin karatu, da majinyacin da ke neman likita a waje, da ɗan kasuwar da bai taɓa zarce ko awa ɗaya ba, duk sun biya bashin da ba su ci ba; wake ɗaya ne ke ɓata gari. Ga shi ofishin jakadancin Faransa a rufe yake tun Janairun 2024, ƙofofin da suka rage mana ba su da yawa, bai kamata mu riƙa rufe su da hannunmu ba.

Adalci ya sa in faɗi namu laifin. Mu ƴan Adar mutanen cin rani ne tun kaka da kakanni, mun saba mu tafi Kano ko Abijan ko Kwatano mu dawo ranar da Allah ya nufa, kuma ko da yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ce kwana 90, ba mu saba ganin mai ƙirga mana kwana ba. Da wannan sabo muke hawa jirgi, shi ya sa ranar da ke kan biza ba ta yi mana nauyi. Akwai kuma waɗanda tun daga gida niyyarsu su ɓace, suna zuwa muku da sunan yawon buɗe ido. Waɗannan ba da yawunsu na rubuto ba, kuma ina roƙon duk wanda ya gane irinsu a teburinsa ya mayar musu da kuɗinsu, domin ladan biza ɗaya bai kai sunan ajans ɗinsa da mutuncin fasfon ƙasa ba. Biza alkawari ce da mutum ya sa wa hannu, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika alkawura.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma babu wanda zai ci muku kuɗi mai yawa a ciki. Kada fasfo ya bar teburinku sai an haɗa shi da ƴar takarda guda, da Hausa ko Zabarmanci da Faransanci, mai ɗauke da ranar ƙarshe da mutum zai fita da manyan lambobi, da tarar ƙasar da za shi, da sunan ofishin da ake neman ƙarin kwanaki, da lambar wayar ofishin jakadancin Nijar mafi kusa. A karanta masa ita da baki, a kuma aika masa da ita cikin saƙon murya ta WhatsApp, domin da yawanmu da kunne muke karatu. In dattijo ne ko dattijuwa, a yi bayanin a gaban wanda ya biya kuɗin tafiyar.

Muna roƙon ku daina yanka tikitin dawowa a ranar ƙarshe. Ku bar tazarar kwana biyu ko uku ko da matafiyi ya nace, kuma duk wanda ya kira daga waje yana son a matsar masa da rana, kada yaron da ke kan kwamfuta ya taɓa tikitin sai wani babba da ya iya karatun biza ya ƙirga kwanakin da kansa. Ku horar da yaranku a kan wannan, ku kuma riƙa sabunta saninku, domin dokokin nan suna sauyawa shekara-shekara. Kwana biyar kafin wa'adin kowane matafiyi, a buga masa waya a tuna masa. In kuma kuskuren lissafi daga ofishinku ya fito, ku ɗauki tarar, ku ba mutumin takarda mai hatiminku da ke bayyana yadda abin ya faru, ya haɗa da takardunsa ranar da zai sake neman biza. Ƙanena ya nemi irin wannan takarda sau uku bai samu ba, alhali ita kaɗai ce za ta iya nuna cewa bai yi da gangan ba.

Roƙo na ƙarshe sai kun haɗa kai za ku iya shi. Ku je da murya ɗaya wurin hukumar shirya Hajji da Umra ta COHO, da ma'aikatar harkokin waje, da zauren ƴan kasuwa na ƙasa, ku nemi a mayar da wannan takarda wajibi a kan kowace ajans, domin mai kiyayewa kada ya zama shi ke asara a gaban mai sakaci. Ku nemi a riƙa sanar da ranar fitar masu Umra a Muryar Sahel da gidajen rediyon jihohi da harsunan ƙasa da zarar Saudiyya ta bayyana ta, a kuma roƙi limamai su faɗe ta a masallatan Juma'a kafin jiragen azumi su fara tashi. Mu a namu ɓangaren, in kun rubuta takardar kun aiko, mun ɗauki nauyin buga ta da kuɗinmu, mu raba ta a babbar kasuwar Tahoua da tashoshin mota, mu kuma kai ta Ƙwanni da Madawa da Illela da Keita, inda matafiyanku da yawa suke fitowa.

Allah ya ƙara muku girma, ya sa albarka a sana'arku, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
wani ɗan kasuwa daga Tahoua, da yawun ƴan'uwansa matafiya.